Aljanar da Na Ɗora wa Lilon Makaranta

Ba zan taɓa mantawa da daminata ta farko a aikin koyarwa ba, ko da yake Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Duk lokacin da na ce abin ya wuce, sai in haɗu da wani mai furfura a kasuwar Ƙanƙara ko a tashar Faskari, ya rusuna ya gaishe ni, ya ce ni na koya mashi baƙi da wasali, sannan in ga gefen bakinsa yana rawa. Na san abin da ya tuna. To gara in faɗa da bakina, tunda dai ba wani asiri ya rage ba.

Zamanin da kuɗin fetur suka yi wa gwamnati yawa ne, aka ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, kuma kyauta. Makarantu suka riƙa tsirowa kamar gero bayan ruwan shuka, malamai kuwa babu. Irinmu da muka gama firamare muka ɗan leƙa gaba kaɗan aka tattara, aka yi mana kwas na gaggawa, aka miƙa mana alli. Ni aka tura ni wani ƙauye tsakanin 'Yankara da Sabuwa (ba zan faɗi sunansa ba, mutanensa sun yi mani haƙurin da ban cancanta ba). Ajujuwa biyu ne na bulo da kwano sabo fil, sai wata tsohuwar tsamiya a bakin fili.

Hedimastanmu Malam Isiyaku, ƙaton mutum ne mai sanyin magana. Yaran da ke cikin ajujuwan nan shi ya tara su da ƙafarsa. Mutanen garin manoma ne, yaro a wurinsu hannu ne a gona, kuma ba su gama yarda da boko ba. Gida gida ya bi, yana zama a zaure, yana shan furar da cikinsa ba ya so, yana rantsuwa cewa ba abin da zai sami ɗan kowa a hannunmu. Wani uban sai an yi ta sintiri a ƙofarsa kafin ya saki yaro ɗaya, shi ma wanda ya fi ƙyuya a noma. Daga ofishin ilimi kuma an gaya mana ƙarara, makarantar da aka zo aka tarar ba yara, rufe ta za a yi a kwashe bencinan a kai wani gari.

Ni kuwa abin da ke gabana daban ne. Aure nake nema. Hajara sunanta, ɗiyar Alhaji Barau mai sayen hatsi, kuma har an sa biki sai bayan girbi. Ɗakin da Mai Gari ya ba ni aro shi ne za a sa amarya a ciki, ƙasansa kuwa turɓaya ce zalla, ga ƙuma kamar an shuka.

Wata rana da bazara sai ga a-kori-kura ta shigo filin makaranta. Wani ɗan kwangila ne daga Funtua, ko motar bai kashe ba, ya sa aka sauke mana lilon ƙarfe: ƙafafu huɗu na bututu, sanda a sama, sarƙoƙi, da katakon zama guda biyu. Aka kuma dire buhun siminti biyu. Ya leƙo ta taga ya ce a haƙa ramuka masu zurfi, a zuba siminti da tsakuwa, a bari ya bushe sosai kafin kowa ya hau. Ya ce yana da makarantun da ke jiransa har wajen Sabuwa, ya ja motarsa.

Washegari Malam Isiyaku zai tafi taro Funtua, na kwanaki. Ya miƙo mani makullin sito ya ce, "Malam, kai ne mai jini a jika. Daga yau kai ne malamin wasanni. In dawo in tarar da abin nan a tsaye."

Na buɗe sito na tsaya ina kallon buhunan nan, su ma kamar suna kallona. Shaiɗan bai zo mani da ƙaho ba, da hujja ya zo, kuma hujjar tana da kyau. Na ce wa kaina, kakanninmu sun kafa rumfa, sun kafa rumbu, sun kafa turken da ke riƙe bijimi, ba su taɓa ganin siminti ba. Turken da ya riƙe sa, lilon yara ne zai gagare shi? (Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, turke gajere ne, kuma sa ba ya tashi sama ya dawo.)

Na haƙa ramukan da kaina, na kafa ƙafafun yadda ake kafa turke a garinmu: dutse, jar ƙasa, ruwa kaɗan, a kirɓa da taɓarya. Sannan na kwaɓa ɗan siminti na shafa a saman kowane rami, siriri kamar yadda mai waina ke shafa mai a tanda. Duk wanda ya duba zai rantse siminti ne har ƙasa. Sauran kuwa, wato kusan duka, ya kwana a ɗakina, kuma kafin Hedimasta ya dawo ƙasan ɗakin ya zama sumul.

Malam Isiyaku ya dawo ya girgiza lilo da hannunsa mai kama da faranti, ko gezau. Ya ce, "Madalla. Aiki ya yi kyau." Yara kuwa kamar su cinye shi. Su da suka saba da igiya a reshen bishiya, yau ga na ƙarfe mai sarƙa. Har waɗanda iyayensu suka hana makaranta suka riƙa zuwa suna leƙe, aka samu wasu suka shiga aji saboda shi.

Ni ma na ci ribata. Gwaggon Hajara, wata tsohuwa mai baki da ake kira Gwaggo Asabe, ta zo da mata su ga ɗaki don su san yadda za su yi daɓe, har sun ce sun tanadi makuba, ɓawon ɗorawar nan da ake jiƙawa a yayyafa wa daɓe. Ta shiga, ta tsaya, ta buga dunduniya a ƙasa.

"Yo mi za mu daɓe a nan? Ku zo ku gani, ɗiyarmu ta huta da ƙuma. Wanga ai ɗakin asibiti ne."

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Aka ce mani Alhaji Barau yana gaya wa abokansa a kasuwar 'Yankara cewa yaron nan yana da tattali, bai daɗe da fara aiki ba har ya yi wa ɗiyarsa siminti. Tafiyata ma sai da ta canza. Na fara sa biro biyu a aljihun gaba.

Sai damina ta sauka.

Ruwan farko bai yi komai ba. Da ƙasa ta fara ƙoshi, wata rana da tara, lokacin da yara ke fita shan iska, ina tsaye a bakin aji sai idona ya kai kan fili. Wata yarinya tana kan lilo, ta yi sama, sai ƙafar baya ta ɗan ɗaga daga ƙasa ta koma, kamar jaki yana shawarar harbi. Na matsa kusa. Simintin da na shafa ya tsage, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta zama kunu.

Daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. Ina rubutu a allo, kunnena yana fili. Sarƙa ta yi ƙara, alli ya karye a hannuna. Na koyar da lissafi rabi na bar shi, na leƙa taga, na dawo na ci gaba da Hausa, yara suna kallon juna. In na zauna cin abinci sai in ga yaro a ƙarƙashin ƙarfe, in ture kwanon. Da an tashi makaranta sai in zagaya in ɗauko taɓarya in kirɓa gindin ƙafafun, in cusa duwatsu, in rufe tsagar da yashi. Ruwa ya sake zuwa ya mayar da ni inda na fara.

Na kafa dokoki. Na ce mutum ɗaya ɗaya za a hau. Na ce banda manya (a ajinmu na ɗaya akwai waɗanda gemu ya fara yi wa sallama). Na ce ba a tsayawa a kan katako. Yara suka bi doka muddin ina wurin. Na kwance sarƙoƙin na ɓoye a sito, na ce gyara za a yi. Hedimasta ya ce in mayar, don masu duba makarantu ba sa sallama, kuma abin da gwamnati ta kawo dole a gan shi yana aiki.

Mai karatu zai ce, to ka sayo siminti mana. Na yi wannan tunanin. Amma hanyar garin da damina ko jaki sai ya yi istihara kafin ya bi ta, mota ba ta shigowa. Kuma ko na samu, sai na fasa abin da na shafa a gaban Hedimasta, ya ga abin da ke ƙasa. Hanya ɗaya ce mai sauƙi, in je in ce, "Ranka shi daɗe, na yi laifi." Na je ƙofar ofishinsa da wannan niyya ba sau ɗaya ba. Da ya ɗago kai sai in ce alli nake nema. Har ya fara tambaya ko cin allin nake yi.

Ranar da na yi babbar wautar, na tarar da ƙattin yara biyu a tsaye kan katako ɗaya, sun yi sama har suna taɓa ganyen tsamiya, ƙafafun baya biyu duk suna ɗagawa. Na daka tsawa suka sauko. Yara suka taru. Ban shirya maganar ba, kawai ji na yi ta fito. Na sassauta murya na ce, "Ni dai ba ruwana. Amma jiya da tsakar rana, bayan kun tashi, na ga lilon nan yana tafiya shi kaɗai. Ko ganye ba ya motsi, amma shi yana zuwa yana dawowa, kamar da mutum a kai." Na ɗaga kai na kalli tsamiya, na koma aji.

Aiki ya yi. Ba wanda ya sake kusantar lilo. Ranar na ci tuwo har da ƙari, ina yaba wa kaina basira.

Abin da na manta shi ne yara suna da uwaye, uwaye kuma suna zuwa rijiya. Kafin ranar kasuwa, abin da na gani ya sami jiki. Aka ce mace ce fara mai gashi har gadon baya. Aka ce ƙafarta kofato ne. Wata mai tallar nono ta rantse ta gan ta tana lilo da jariri a cinya. Aka ce dama tun kaka da kakanni nan ne gidanta, gwamnati ta zo ta kafa mata ƙarfe a tsakar gida. Wani yaro ya yi zazzaɓin damina irin wanda kowa ke yi, aka ce shi ne ya fi kowa hawa.

Benci ya fara zama fili. Yau babu 'yan gidan wane, gobe babu na unguwar gabas gaba ɗaya. Har aka wayi gari muka haɗa ajujuwa biyu wuri ɗaya, ba su cika layin gaba ba. Malam Isiyaku ya kira suna, shiru ya fi amsa yawa. Ya rufe rajista ya dube ni.

"Malam, da gaske ka ga abin nan?"

Ga ƙofa Allah ya sake buɗe mani. Na dubi ƙofar, na dubi ɗakina mai siminti da surukina mai yabona a kasuwa, na ce, "Wallahi dai, ranka shi daɗe, kamar na ga motsi." (Wannan "kamar" ɗin ita na riƙe a matsayin gaskiyata. Allah ya yafe mana.)

Malam Isiyaku ya sa hularsa ya nufi ƙofar Mai Gari.

Aka tara dattawa a zaure, aka kira ni. Liman ya ce shi bai ga dalilin tsoro ba, amma zai zo ya yi addu'a a wurin don hankalin mutane ya kwanta. Mai Gari, wani siririn tsoho da ba ya gaggawar magana, ya ce addu'a ita ce gaba da komai, amma mutanensa ya san su, sai sun gani da ido.

"In an shafa fatiha, babban mutum ya hau abin nan gaban kowa, ya sauko lafiya. Shi ke nan magana ta mutu."

"Wa zai hau?" in ji wani.

"Wanda ya gan ta mana. Ai sun saba."

Aka yi dariya, banda ni. Na buɗe baki zan kawo uzurin ciwon baya, sai Alhaji Barau ya gyara zama ya ce, "Zai hau. Yaron nan na san shi, ba matsoraci ba ne." Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi ya tsaya mani a gaban dattawa. Na sunkuyar da kai na ce, "In Allah ya so, Baba."

Aka sa bayan la'asar washegari. Da safen ranar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin wanda manomi ke yi wa godiya. Ni ina bakin aji ina kallon yadda yake taruwa a gindin lilo.

Na yi shiri iri biyu. Na farko, na ƙudurta zan yi lilon a hankali, ƙafata tana jan ƙasa, in ɗan je in dawo in sauka. Na biyu, kuma har yau ban san abin da ya kai ni ba, na ɗauko babbar rigar da na ɗinka don ɗaurin aure na saka, da hula zanna. Na ce tunda surukina zai zo, gara ya ga mutum.

Gari kaf ya fito. Maza sun yi da'ira nesa kaɗan, kowa riƙe da hannun ɗansa. Mata suna bayan dangar gonar makaranta suna leƙe. Liman ya yi addu'a mai tsawo, ni kuwa ina roƙon Allah ya ƙara mata tsawo har magariba. Aka shafa. Mai Gari ya nuna mani katako da sandarsa.

Na tattara riga na zauna. Na ɗan tura ƙasa da yatsun ƙafa, na je, na dawo, kamar mai rarrashin jariri. Na fara shirin sauka.

Wani daga cikin taro ya ce, "Wanga ai ko kaza aka ɗora za ta yi haka."

Wani ya ce, "Tsoro yake ji kar ya taka mata ƙafa."

Sai na ji inuwa ta rufe ni ta baya. Malam Isiyaku ne. Ya dafa bayana da hannayen nan nasa ya ce a kunnena, "Malam, yi haƙuri, in ba su ga ka tashi sama ba, ba za su yarda ba. Bari in taimake ka."

"Ranka shi daɗe, a hankali."

"A hankali aka kwashe mani yara."

Ya tura. Na tafi, riga ta cika da iska kamar tantin biki. Na dawo, ya ƙara. Na ji ƙafar baya ta ce ɓus a cikin laka, irin ƙarar da ake ji in an zare ƙafa daga taɓo. Mutane suka fara murmushi, wasu har da tafi. Na ce, "Ranka shi daɗe, ya isa haka." Bai ji ba, ko ya ji ya ƙi, don a karo na farko cikin kwanaki yana ganin iyaye suna sakin hannun 'ya'yansu. Ya ja da baya ya tattara ƙarfinsa duka.

Na ga ganyen tsamiya kusa da hancina. Na ga rufin makaranta daga sama, abin da ban taɓa gani ba. Sannan na lura cewa ban dawo ba. Lilon ne gaba ɗaya ya biyo ni.

Akwai wani rami a gaban filin inda aka ɗebi ƙasar gini, ruwan safe ya cika shi da jar laka. Nan na sauka, da fuska. Ƙarfen ya kife a bayana, Allah ya sa sandar saman ta faɗi kamu ɗaya daga ƙafata. Babbar riga ta juyo ta rufe mani kai, ta bar sauran jikina ga jama'a, da wandon da ban saka don a gani ba. Takalmi ɗaya ban sake ganinsa ba har na bar garin.

Ina cikin duhun riga ina laluben hanyar fita, sai na ji muryar mace daga bayan danga: "Ta jefar da shi!"

Da na fito da kai, fili ya watse. Dattawa masu ciwon gwiwa suna tsallake kunyoyin gona kamar samari. Iyaye sun saɓa yara a kafaɗa. Liman bai gudu ba, amma yana karatu yana ja da baya. Wani yana faɗi da ƙarfi cewa ko bayan addu'a ba ta bari ba, wallahi ɗansa ya gama boko.

Malam Isiyaku bai ko dube ni ba. Yana tsaye inda lilon yake a da, hannuwansa a sake, yana kallon bayan mutanen da ya bi gida gida. Ya ce, ba da ƙarfi ba, kamar mai magana da kansa, "Shi ke nan. Makaranta ta mutu."

Na so in ce jarumta ce ta tashe ni. Ba ita ba ce. Kawai na ga cewa in na yi shiru yanzu, har abada ni ne malamin da aljana ta jefar, a riƙa tausaya mani, mutumin nan kuma ya kwashe bencinansa. Wannan tausayin ne na ji ba zan iya haɗiye shi ba. Na miƙe cikin laka har gwiwa, na buɗe maƙogwaro.

"Ku dawo! Babu aljana! Siminti ne babu!"

Sai da na maimaita kafin na gaba suka tsaya. Mai Gari ne ya fara dawowa, yana dogara sanda. Ya zagaya ƙafafun lilon da ke sama yanzu suna kallon gari. Tsirara suke, sai jar laka, kowace da ɗan faifan siminti a wuyanta kamar marfin tukunya. Ya ƙwanƙwasa ɗaya da sanda, ya ruguje. Mutane suka matso.

"Malam, ba buhu biyu aka sauke ba? Da idona na gani."

"Biyu ne, ranka shi daɗe."

"To ina suke?"

Na dubi ƙasa. Laka tana ɗiga daga gemuna. Na ce, "Suna ɗaki."

"Wane ɗaki?"

Daga bayan danga muryar Gwaggo Asabe ta taso, tsaf, kowa ya ji: "Ayyo. Ashe ƙafar lilo na yi ta bugawa da dunduniya."

Dariyar da aka yi, ina jin har Sabuwa an ji ta. Waɗanda suka fi kowa gudu su suka fi kowa dariya. Wani ya ce a duba rijiyar gari ko ita ma tana ɗakin Malam. Na saci kallon Alhaji Barau. Shi bai yi dariya ba. Ya kakkaɓe rigarsa, wadda ba abin da ya taɓa ta, ya juya ya tafi gida.

Mai Gari ya jira aka lafa, ya ce, "Ita kuma matar mai kofato fa?"

"Ni na ƙirƙire ta, ranka shi daɗe. Don kar yara su hau su faɗi."

"To ka kyauta da ba ka bari sun faɗi ba," in ji shi. "Sai ka bari suka bar karatu."

Na zaci Malam Isiyaku zai rubuta takarda ofishin ilimi a kore ni, kuma da ya yi, da bai zalunce ni ba. Bai rubuta ba. Washegari da sassafe ya aiko a kira ni, na tarar da shi a ƙofar makaranta da sandarsa. Ya ce, "Gidajen nan ni na bi su da farko. Yanzu kai za ka bi. Duk zauren da muka shiga, kai za ka yi magana, ni zama kawai zan yi."

Haka aka yi. Zaure bayan zaure ina durƙusawa ina cewa ni ne na ɗauki siminti, ni ne na yi ƙaryar aljana. A wani gida a yi dariya a kawo fura. A wani gida a sa in sake ba da labarin faɗuwar don maigida yana gona ranar. Wani tsoho ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, aljana da addu'a ake korarta. Malamin da ke yi wa ɗiyanmu ƙarya, shi da mi ake korarsa?" Na dubi Hedimasta, bai taimake ni ba.

Yawancin yaran sun dawo, makaranta ba ta mutu ba. Amma ba duka ba. Akwai iyayen da dama ƙofa suke nema, na buɗe masu. Yarinyar nan da na fara ganin ƙafar lilo ta ɗaga a ƙarƙashinta, wadda ta fi kowa saurin gane karatu a ajina, ba ta sake zuwa ba. Wannan ɓangaren labarin ba na ba da shi da dariya.

Lilon ya kwanta a gefen fili har hanya ta bushe. Na sayo siminti da kaina, aka haƙa ramuka a gaban Mai Gari, aka zuba yana kallo, muka baza yashi a ƙasa inda yaro zai iya faɗowa. Daga nan kowace safiya kafin a buga ƙararrawa sai na girgiza ƙafafun, na duba ƙugiyoyin sama ko sun ci, na bi sarƙa da hannu, na shafa katako ko ƙusa ta fito, na sa baƙin mai inda ke kuka. Auren ma an yi, bayan an ɗaga shi an kuma kai ruwa rana, Alhaji Barau kuwa ya daɗe yana canza layi a kasuwa in ya hango abokansa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk abin da za ka ɗora 'ya'yan mutane a kai, fara duba abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ba wanda aka shafa a sama ba. In kuma ka yi ɓarna, faɗe ta da wuri ga mutum ɗaya a cikin ofis, da rigarka a bushe. Kar ka laƙa wa aljanu, don su ba a kiransu zauren Mai Gari su kare kansu. Kai za a ce ka hau.